Hajiya ta riƙe cikon kuɗina, wai bidiyon bikin ya ƙi buɗuwa a wayarta

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Zariya, shekara biyu ke nan ina sana'ar ɗaukar bidiyon bukukuwa. Watan jiya aminiyar mahaifiyata ta ba ni aikin bikin 'yarta: kamu, ɗaurin aure, walimar mata da kai amarya. Na ɗauka da kyamarata a 4K. Walima kuwa da yake ba a bar maza sun shiga ba, ƙanwata ce ta ɗaukar mini da iPhone. Kwana goma na yi ina tacewa, ya fito minti 80, nauyinsa GB 18, na fitar da shi a H.265 don an ce ya fi inganci. A kwamfutata kamar fim. Amma a wayar Hajiya sauti kawai ake ji, fuskar baƙi ƙirin. A ta amarya yana tafiya yana maƙalewa, wayar ta ɗau zafi. Na so in zuba a memori mai GB 32, ya ƙi shiga alhali babu komai a ciki. Na yanko kaɗan na tura ta WhatsApp, ya isa dishi-dishi, ko zanen lallen amarya ba a gani. Sun kuma ce a wurin walima kala ta koɗe, baki da murya ba sa tafiya tare. Kakar amarya ma tana so ta gani, ita kuwa ƙaramar waya gare ta mai madannai. Yanzu Hajiya ta riƙe rabin kuɗina, ta kai ƙarata wurin mahaifiyata. Abokina ya ce in kai wa masu tura fina-finai a waya su juya mini. Ni kuwa zuciyata na ce mini in fito in gaya mata wayoyinsu ne marasa ƙarfi, aikina ba shi da matsala. Me zan yi?

Mai ɗaukar bidiyo, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Maganar nan da kake shirin gaya wa Hajiya, ka haɗiye ta. Girmanta da amincinta da mahaifiyarka sun isa su hana ka, amma ko ba su, a wannan gaɓar gaskiya ba ta tare da kai. Na san da ɗaci, bayan kwana goma kana dafe da kwamfuta, wataƙila har da man janareta daga aljihunka. Sai dai ka tuna abin da ta ba da kafin alƙalami dominsa. So take ta zauna a ɗakinta, ta ɗauki wayar da Allah ya hore mata, ta ga 'yarta daren da aka kai ta gidan miji, ta tura wa 'yan'uwan da ba su samu zuwa ba. Har yau ba ta ga wannan ba. Saboda haka a wurinta aiki bai ƙare ba, kuma ni ma haka nake gani.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne babu abin da ya lalace. Ɗaukarka tana nan, tacewarka tana nan. Matakin ƙarshe ne ka yi wa kwamfutarka maimakon ka yi wa wayoyin mutanen, kuma gyaransa bai wuce aikin kwana ɗaya zuwa biyu ba.

Na san abin da ya ɗaure maka kai: ga sunan fayil ya ƙare da MP4, kowa ya san MP4 na buɗuwa a waya, to me ya hana wannan? MP4 ambulan ne kawai. A cikinsa akwai hoto, akwai sauti, kowanne da irin rubutun da aka matse shi da shi. Kowa na iya farke ambulan, amma in wasiƙar da ajami aka rubuta, mutumin kuwa boko kaɗai ya iya, sai dai ya jujjuya takarda ya maido maka. Wayar Hajiya ta farke ambulan, ta tarar da sauti a rubutun da ta sani, ta karanta; ta zo kan hoto ta tsaya cik. Shi ya sa take jin kiɗa ba ta ganin kowa. Shi ya sa kuma masu canza wutsiyar sunan fayil daga MOV zuwa MP4 da hannu suke wahalar banza, don rubutun bayan ambulan suka sauya, wasiƙar na nan yadda take.

Rubutun da ka zaɓa, H.265, ba a yi maka ƙarya a kansa ba. An kammala shi a 2013 da nufin ya ba da kyan hoto irin na yayansa H.264 a kusan rabin nauyi. Amma karanta shi ya fi wuya. Shi H.264 tun 2003 yake, ya shekara sama da ashirin a duniya, kuma da wuya ka sami wayar Android, komai arharta, da ba a gina mata wani sashe na musamman a ƙwaƙwalwarta don karanta shi ba. Wannan sashe shi ke sa bidiyo ya tafi sumul ba tare da cin batir ba. In waya ta ci karo da abin da sashen nan bai iya ba, ko dai ta ƙi buɗewa kamar ta Hajiya, ko ta ɗora wa babbar ƙwaƙwalwarta aikin, ta yi ta nishi kamar ta amarya: hoto na maƙalewa, baya na zafi, caji na zubewa. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa suna iya H.265 in hoton bai wuce ɗigo 1080 a tsaye ba, amma ka haɗa musu shi da 4K, ka kai su maƙura.

Ita 4K ɗin ma, duba abin da ka ɗora musu. Hoto ɗaya a 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 8. Wayoyin Tecno da Infinix da itel masu matsakaicin farashi da suka cika hannun mutanenmu, da yawansu fuskarsu 720 ce a 1600. In aka kwantar da irin wannan waya ana kallo, bidiyonka ɗigo 1280 a 720 zai cike, bai kai miliyan ɗaya ba. Wato wayar za ta sha wahalar warware ninki tara na abin da za ta iya nunawa, ta zubar da kashi takwas, ta nuna ɗaya. Amarya ba za ta ga ƙarin kyau ko na anini ba, zafin waya kawai za ta ji.

Memori kuwa lafiyarsa ƙalau. Katunan da ba su wuce GB 32 ba suna zuwa ne da wani tsohon tsari mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura GB 4, ko da katin fanko ne. Filas da yawa ma haka suke. Katunan GB 64 zuwa sama su ne ke zuwa da exFAT mai ɗaukar manyan fayiloli, amma kada ka ce za ka sauya wa katin Hajiya tsari, don wasu tsofaffin wayoyi da talabijin ba su san exFAT ba. Ka rage fayil ɗin, shi ne mafita.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka a ka, domin da shi za ka san nauyin bidiyo tun kafin ka danna fitarwa. Nauyi ya dogara ne da yawan bayanin da ka ware wa kowane sakan, abin da manhajar tacewa ke aunawa da Mbps. Kowane Mbps 1 yana cin MB 7.5 a minti ɗaya. Naka minti 80 ne ya ba da GB 18, ke nan a wajen Mbps 30 ka fitar. Da a Mbps 2 ne, wanda ya wadaci 720 a fuskar waya, da MB 1,200 zai ba ka, ka ƙara kusan MB 80 na sauti. Da a Mbps 6 ne a 1080 don talabijin, da GB 3.6 ne da 'yan kai, ya shige ƙarƙashin iyakar GB 4 ɗin nan. Ka ga tazarar da ke tsakanin abin da ka kai musu da abin da suke buƙata.

Kafin ka fara rage komai, koma kan walima, don ita kaɗai ce ke buƙatar ka sake buɗe tacewa. Matsalarta biyu, duka daga iPhone ɗin suka taso. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, wayoyin nan suna ɗaukar bidiyo a HDR in ba an kashe ba, wato wani tsarin kala mai faɗi da aka yi don fuskoki masu haske sosai. In ka jefa irin wannan ɗauka cikin aikin da sauransa na kala ta yau da kullum ne ba tare da an daidaita ba, sai fari ya ƙone, fata ta yi fari-fari, atamfa ta koɗe kamar an shekara ana wankinta. Na biyu, waya ba ta ɗaukar adadin hotuna tsayayye a kowane sakan yadda kyamara ke yi. Takan rage ta ƙara, musamman a wuri mai ƙarancin haske. Sauti kuwa tafiyarsa ɗaya. In ɗaukar ta yi tsawo, wasu manhajojin tacewa sukan ruɗe, malama ta rufe baki muryarta na ci gaba.

Duka biyun magani ɗaya ke kashe su. Ka sauke HandBrake, manhajar juya bidiyo ce, kyauta ce, ana samunta a Windows da Mac da Linux, ba ta manna tambarinta a jikin aikinka. Ka sa ainihin ɗaukar ƙanwarka a ciki, wadda ba a taɓa ba. A ɓangaren bidiyo ka zaɓi H.264, ka sa adadin hotuna ya zama tsayayye a yadda aka ɗauka, galibi 30. A ɓangaren matatai akwai wurin tsarin kala, ka sa BT.709, shi ne na yau da kullum. Lambar inganci da suke kira RF ka ajiye ta a 18, don wannan kwafin na tacewa ne, ba a son ya rasa kyau. In ya fito, ka maye gurbin tsoffin guntayen walima da shi, ka duba baki da murya a farko da tsakiya da ƙarshe, ka ɗan taɓa kalar ta dace da ta kyamararka. Tunda ka buɗe aikin, ka cire abin kunne, ka tura minti biyu zuwa waya ka saurara da 'yar lasifikarta. Lasifikar waya ba ta fitar da amo mai kauri, kuma kiɗan da ka ji daidai a kunne yakan danne murya a can. Wurin huɗuba da siga da addu'a da nasihar iyaye mata, ka sauke kiɗan ƙasa sosai ko ka cire shi baki ɗaya. Shekara ashirin nan gaba, muryar mahaifinta amarya za ta nema a bidiyon nan, ba waƙar da ake yayi bana ba. Ka duba rubutun sunaye ma: siririn rubutu mai lanƙwasa da ya yi kyau a kwamfuta ba ya karantuwa a waya.

Sai ka fitar da babban kwafi mai cikakken inganci, ka ajiye. Shi ne uwa. Ba shi za ka kai wa kowa ba, daga gare shi za ka riƙa haifar da sauran. Kada ka taɓa rage kwafin da aka riga aka rage, balle wanda ya bi ta WhatsApp ya dawo. Duk matsi yana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kamar a yi ta ɗaukar hoton takarda daga hoton takarda.

Kwafin waya shi ne mafi muhimmanci, shi za ka fi ba wa lokaci. Ka sa uwar a HandBrake, ka zaɓi shiryayyen tsarin da aka rubuta wa Fast 720p30. Shi da kansa zai ba ka MP4, hoto a H.264, sauti a AAC, haɗin da kusan kowace waya ta sani. Lambar 30 ɗin iyaka ce kawai. In aikinka a 25 yake, zai bar shi a 25. Ka tabbata akwai alama a akwatin Web Optimized, wanda ke sa jadawalin fayil a farkonsa, yadda in ka ɗora a intanet zai fara nunawa tun bai gama sauka ba. Lambar RF kuwa a juye take: in ta hau, nauyi da kyau su sauka, in ta sauka, su hau. A 720, tsakanin 21 da 23 za ka sami abin da kake so.

A nan akwai abin da ya kamata mai bidiyon biki ya fahimta fiye da kowa. Matsin bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya, sannan na bayansa ya rubuta abin da ya canza kawai. Limami a zaune yana ɗaura aure, bango bai motsa ba, tabarma ba ta motsa ba, leɓe da hannu ne kaɗai ke aiki, sai bayani kaɗan ya wadatar. Filin kamu kuwa komai na motsi lokaci guda: fitilu na juyawa, leshi na walƙiya, ana liƙi, ƙawaye na rausaya, kai ma kana zagayawa da kyamara, ga yashi-yashin da duhu ke sa wa hoto. Babu ɗigon da ya zauna wuri ɗaya. A irin wannan wuri ne hoto ke farfashewa ya zama murabba'i-murabba'i in bayani ya yi kaɗan. Amfanin RF ke nan a kan ka ƙayyade Mbps da hannu: yana tsimi a wurin ɗaurin aure, ya saki hannu a wurin rawa. Illarsa ba za ka san nauyin ƙarshe ba sai an gama. Don haka kada ka yi gwaji da wurin da ya fi natsuwa. HandBrake na ba ka damar zaɓar daga sakan kaza zuwa sakan kaza; ka yanko minti biyu daga tsakiyar kamu inda aka fi cakuɗewa, ka fitar, ka kalla a waya. In zanen lalle ya fito, zaren leshi ya fito, lambar ta yi. In ya caɓe, ka rage ta da ɗaya ka sake.

Da wannan damar ta zaɓar sakanni za ka raba bikin gida huɗu: kamu daban, ɗaurin aure daban, walima daban, kai amarya daban. Kowanne in ya kai minti 20 zai tsaya a wajen MB 300 zuwa 400. Ka jera su a layin jira na manhajar, ka bar kwamfuta ta yi ta aiki. Rabawar na da amfani ta fuska uku. Wadda wayarta ta cika da saƙonnin murya da hotunan jikoki za ta iya ɗaukar ɗaya ko biyu. In intanet ta yanke ana saukewa, asarar data ba ta da yawa. Sannan, wannan ya fi duka, Hajiya za ta iya tura wa kawun amarya ɗaurin aure ba tare da ta haɗa masa da walimar mata ba. Ka rubuta wa kowane fayil suna da Hausa a sarari.

Daga nan sai kwafi guda na Fast 1080p30 a filas don kallo a talabijin, ka lura kada ya kai GB 4. In ya kusa, shi ma ka raba shi biyu.

WhatsApp ba ta yi maka mugunta ba, al'adarta ce. Duk abin da ka tura mata a matsayin bidiyo sai ta sake matse shi ta rage girmansa. A 2023 sun ƙara maɓallin HD da ke kai shi 720, ya fi na da, amma har yanzu matsi ne a kan matsinka. Ka bi ta wurin tura dokumen, wanda tun 2022 yake ɗaukar fayil har GB 2 kuma ba ya taɓa abin da ke ciki. Yadda ka fitar haka zai isa. Ga waɗanda ke gari ɗaya da kai kuwa, me ya kai ka ƙona musu data? Igiyar caji daga kwamfuta ko Xender sun wadatar. Wani zai ce ai da ka sa wa Hajiya VLC da an huta. VLC manhaja ce mai kyau, tana buɗe abubuwa da yawa, amma ba za ta ƙara wa waya ƙarfin da ba ta da shi ba, kuma in Hajiya ta tura wa ƙanwarta a Maraɗi da ɗiyarta a Jidda, ba za ka bi su gida-gida kana sa musu manhaja ba.

Shawarar abokinka kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka bi ta. Ba raina masu tura fina-finai nake ba, sana'a ce, kuma da yawansu sun fi mu sanin abin da kowace ƙaramar waya ke ci. Amma ka tuna abin da ke cikin fayil ɗin nan. Gidan da suka hana maza shiga walima, suka yarda ƙanwarka ta ɗauka don kai ne, amanar matansu suka damƙa maka. Kwamfutar shago kuwa wayoyi nawa ake jona mata a yini? Yara nawa ke zama a kanta in maigida ya tafi salla? Ba sai an yi niyyar sharri ba. Kwafi ɗaya ya rage a wani lungu, wani ya gani ya burge shi, gobe sai ga matar aure tana rawa a TikTok an ɗora mata waƙa. Irin wannan na iya girgiza aure, kuma in ya faru sunanka za a kira. Haka shafukan intanet masu cewa ka ɗora bidiyo su juya maka kyauta: ban da datar ɗora GB 18, kana miƙa bikin mutane ga kwamfutar da ba ka san ta wane ne ba. Aikin nan a kwamfutarka zai fara, a nan zai ƙare. Ka kuma sa ƙanwarka ta goge na wayarta bayan ka kwashe. In kana son ɗan guntun tsaye na minti ɗaya don tallar aikinka, sai amarya da ango sun ce to da bakinsu, kuma kada fuskar wata baƙuwa ta fito a ciki.

Yanzu Hajiya. Kada ka aika saƙo, kada ka bar mahaifiyarka ta ɗauki nauyin ba da haƙuri a madadinka. Zumunci a ƙafa yake. In ka gama, ka gwada kowane fayil daga farko zuwa ƙarshe a waya mafi rauni da za ka samu a gidanku, sannan ka ɗauki kwamfuta da igiya da filas ka tafi da kanka, a lokacin da ka san ta natsu. Ka durƙusa ka gaida ta, ka ce: "Hajiya, kuskure daga wurina ne, na fitar da shi a tsarin da ya fi ƙarfin waya. Na gyara, ga shi na kawo in sa miki da hannuna." Iyakar bayanin ke nan. Kada ka kawo mata zancen 4K, kada ka ambaci kwana goman da ka yi, kada kalmar "ƙaramar waya" ta fito daga bakinka. Ka duba sararin da ya rage a wayarta, in ya yi kaɗan ka nemi izini kafin ka goge ko da hoto ɗaya ne, ko ka zuba a memori. Ka buɗe mata kai amarya, ka miƙa mata wayar, ka yi shiru.

Ranar nan kada ka tayar da maganar kuɗi. Haƙƙinka ne, ban ce ka yafe ba, kuma ban yarda ka rage ko sisi ba, tunda a ƙarshe aikin da aka yi alkawari ka kawo. Amma uwa da ke kallon 'yarta na kuka an lulluɓe ta, ba lokacin tuna mata bashi ba ne. Ina kyautata zaton da kanta za ta aiko maka. In mako guda ya wuce shiru, ka kira ka tambaya ko sauran 'yan'uwa sun samu ya buɗe musu, sannan cikin ladabi ka ce kana tuni a kan ciko. In hakan ma bai yi ba, a nan ne mahaifiyarka za ta sa baki, kuma a lokacin tana da abin faɗa, don ɗanta ya sauke nasa nauyin.

Don gaba, ka nemi 'yar tsohuwar Android mai arha ka ajiye a jakar aiki tare da batir da makirufo, ta zama ma'auninka. Duk abin da bai tafi sumul a kanta ba, bai bar ɗakinka ba. Ranar karɓar aiki ka tambayi a me za a fi kallo, ka faɗi kwafi nawa za ka kawo da tsawon lokacin da za ka ajiye uwar kafin ka goge. In za a sake ɗaukar maka da iPhone, a shiga saitin kyamara a kashe HDR, a zaɓi Most Compatible, wanda ke sa ta ɗauka a H.264. Akwai ma wurin kunna tsarin PAL da ke ba da hoto 25 a sakan, shi ya dace da wutarmu mai bugu 50, yana rage rawar da wasu fitilu ke yi a hoto.

Saura kaka. Ƙananan wayoyi masu madannai yawanci tsarin bidiyo na 3GP suke ci, ko MP4 ɗan mitsitsi na 320 a 240, wasu ma 176 a 144. HandBrake ba ta fitar da 3GP, amma manhajar Format Factory a Windows na yi. Ka yanko mata minti goma daga ɗaurin aure da kai amarya, ka ɗaga sautin, ka gwada a wayarta kafin ka ce ya yi, don waɗannan wayoyin kowace da halinta. Sai dai a wannan girman fuskar jikarta ba za ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, ga idon tsufa. Tunda da kwamfutarka za ka je, ka roƙi Hajiya a kai ka ɗakin tsohuwar, ka ɗora mata a kan kujera 'yar tsugune, ka buɗe mata kwafin 1080, ka zauna a gefe. Duk inda ta ce "wace ce wannan?" ka tsayar, ka bar ta ta gane ta da kanta, sannan ka ci gaba.